Jidda daga Kano: kai tsaye, ta Alkahira ko ta Addis?

Jama'a masu niyyar Umara daga nan Gusau, kafin ku tura wa ejan kuɗin tikiti ku tambaye shi ta ina jirgin zai bi, don wallahi ba duka tikiti ne ɗaya ba ko da duk Jidda aka rubuta a kai.

Tsakanin Kano da Jidda in an miƙe kusan kilomita 3,400 ne, jirgin da bai tsayawa ko'ina awa biyar ne da 'yan kai, har ya ɗan ƙaru tun da yaƙin Sudan ya ɓarke a 2023 jirage suka koma kewaye sararinsu. Shi ya fi tsada galibi, amma in da tsoho ko tsohuwa a tafiyar ni dai shi zan ce a saya ba wani dogon lissafi, ka tuna fa kafin ma a ga filin Malam Aminu Kano an riga an sha hanyar Tsafe zuwa Funtuwa, kuma hanya ce da ba a son yin dare a kanta, to mutum ya iso a gajiye sannan a ce ya kwana kan kujera a ƙasar da bai jin yarensu, haba.

EgyptAir ta Alkahira take bi, jimilla wajen kilomita 4,300. Ethiopian kuma ta Addis Ababa, kusan 4,700, don sai an gangara kudu kana a hauro. Amma ƙarin kilomitan ba shi ke karya mutum ba, jiran ne. Wani tikitin awa biyu za ka zauna ka canza jirgi, wani kuma sai ka wuni, kamfani ɗaya kuɗi kusan ɗaya, shi ya sa nake cewa a sa ejan ya turo takardar tafiyar a WhatsApp ka duba lokacin sauka da na tashi da idonka. Kuma agogon Saudiyya ya riga namu da awa biyu, kar lissafin ya ruɗe ka. Matashi mai ƙarfi da ke son rage kuɗi, hanyar Alkahira ko Addis ta yi masa.

Sai maganar harami. In Jidda za ka sauka ka wuce Makka, dole ka yi niyya kafin jirgi ya ƙetare mikati, to mai ya da zango sai ya sa haraminsa a jakar hannu ya ɗaura a Alkahira ko Addis, in yana cikin babban akwati an shiga uku. Wanda ya samu tikitin sauka Madina ya huta da wannan, a Zul Hulaifa zai ɗauka hankali kwance.

A tambayi kilo nawa aka yarda na kaya, da ko galan ɗin zamzam mai lita 5 yana ciki ko daban, don a dawowa ne ake jin jiki, dabino da jallabiyoyi da tsarabar dangi ba su san arahar tikiti ba.