Shekara 6 ina ban ruwa, ashe yawanci maza ne

Jama'a duk mai niyyar sayen dashen dabino na leda a wajen masu saidawa a bakin titi ya tsaya ya ji nawa tukuna. A daminar 2018 na sayi guda 20 a wajen wani a hanyar Dutse, har rantsuwa ya yi min wai irin Ajwa ne na Madina kuma duk mata ne, wai shi daga ganye yake gane mace. Ni kuma lokacin ban san komai game da dabino ba sai ci, ko tayawa ban yi ba na biya na ɗaure a babur sai gonarmu ta fadama.

Ba zan ci haƙƙinsa ba, dashen lafiyayye ne, 2 kawai suka mutu su ma awaki ne suka yi min ɓarna. Amma wahalar da na sha Allah kaɗai ya sani, duk rani ni da yarana muna jan ruwa a rijiya, ga takin shanu, ga shinge na ƙaya duk shekara sai an sabunta.

Da sanyin 2024 suka fara huda, murna kamar me, na je na kira wani dattijo maƙwabcin gonata da ya daɗe yana kai dabino kasuwar Shuwarin. Yana zuwa ya leƙa na farko ya girgiza hudar sai ga gari fari yana tashi, ya wuce na biyu, na uku, ya juyo ya ce "Ɗana wa ya saida maka waɗannan? Ai maza ne." Wallahi sai da na zauna a ƙasa. Cikin 18, guda 12 maza! Na ce Baba ai cewa aka yi Ajwa ne, ya ce dabinon da aka shuka da ƙwallo ba mai sanin namiji ne ko mace sai ya yi huda, kuma ko ƙwallon Ajwar gaske ne ba ya gado uwarsa, wanda yake son iri takamaimai 'yar gindi ake cirowa daga macen da aka san 'ya'yanta. Namiji ɗaya ma ya ishi mata da dama in da hannu ake barbara, to 12 me zan yi da su?

Shi ya koya min barbarar, a yanko reshen hudar namiji a cusa cikin ta macen a ɗaure. Kuma gaskiya cikin mata shidan akwai ɗaya da ta wanke min zuciya, nononta manya, ga laushi ga zaƙi, har na ce to na yafe.

Amma da na koma wajen mutumin na gaya masa sai ce min ya yi ikon Allah ne, wai in ɗauki guda 2 kyauta, na ledan dai! Ko haƙuri bai ba ni ba, kuma ina tsaye yana gaya wa wani bawan Allah duk mata ne. Nan raina ya sake ɓaci, na ja mutumin gefe na gaya masa komai.

Yanzu 'yan gindin waccan macen nake jira su yi ƙwari in ciro. Mazan kuma kullum sai na ce gobe zan sare, in na ɗauki gatari sai in kasa.