Wa Ya Kamata a Ba Aikin Rufi Bayan Iska Ta Yaye Kwano?

Daga ƙarshen watan Afrilu zuwa Yuni, lokacin da damina ke shigowa arewacin Najeriya, hadari kan taso daga gabas da iska mai ƙarfi a gabansa, kuma a dare ɗaya sai a wayi gari gidaje da makarantu da masallatai na unguwa guda babu rufi. Mai gidan da wannan ya faɗa wa yana shiga ciniki ne a lokacin da ba shi da ƙarfin taya farashi, domin iyalinsa suna kwana a fili, wani hadarin na iya haɗowa gobe, kuma kafintocin kirki duk an riga an ɗauke su. Wannan gaggawar ita ce jarin mai ha'inci. Saboda haka matakin farko shi ne a sayi tamfol ko leda mai kauri a rufe wurin da ya buɗe, a kwashe kaya zuwa ɗakin da ya tsira, a ɗauki hotunan ɓarnar, sannan a sanar da mai unguwa, domin a kan bi ta hannunsa idan hukumar agajin gaggawa ta jiha ko ta tarayya, wato NEMA, ta zo tantance waɗanda abin ya shafa. Kwana biyu ko uku da tamfol zai ba mai gida sun isa ya zaɓi ma'aikaci cikin natsuwa.

Masu neman aikin sun kasu uku. Na farko shi ne baƙon kafinta da ke zagayawa da guduma da zarto washegarin iskar, yana ƙwanƙwasa ƙofa yana cewa ya ga rufin daga titi kuma zai gama shi yau. Ba dukansu ne marasa gaskiya ba, domin akwai masu neman halalinsu da suka biyo inda aiki yake. Matsalar ita ce babu wanda ya san inda za a same shi idan rufin ya fara yoyo bayan mako biyu, kuma lambar waya ba ta zama jingina. Alamomin da ya kamata su tsayar da mai gida sanannu ne: ya matsa a ba shi kafin alƙalami mai yawa nan take, ya faɗi farashi tun bai hau ya duba katako ba, ya ce yana da ragowar kwano daga wani aiki da zai bayar da araha, ko kuma ya kasa nuna gida ko ɗaya da ya taɓa rufawa a garin. Idan dole ce ta sa a ɗauke shi, kada aikin ya wuce na mayar da falle biyu ko uku, a kuma biya shi bayan ya sauko.

Na biyu shi ne kafintan unguwa, wanda aka san rumfarsa, aka san wanda ya koya masa aiki, ake kuma haɗuwa da shi a masallaci ko kasuwa. A ganina, ga gidan da aka rufa da kwano na yau da kullum, shi ne zaɓin da ya fi, saboda mutuncinsa yana cikin unguwar kuma ba zai iya ɓacewa ba. Amma sanayya tana da nata haɗarin. Kunya kan hana mutane tsayar da magana da wanda suka sani, sai a ce masa ya je ya yi kawai, a ƙarshe a saɓa a kan kuɗi zumunci ya lalace. Bayan haka, a makon da iska ta yi ɓarna yakan karɓi aiki a gida biyar ko shida lokaci ɗaya, ya tura yaransa masu koyo su yi, shi kuma ya riƙa leƙowa. Ya kamata a tambaye shi ƙarara ko shi da kansa zai hau, da ranar da zai fara da ranar da zai gama. Ya kuma kamata a je a ga rufin da ya yi wanda ya ci damina biyu ko uku, a tambayi masu gidan, domin gani ya kori ji.

Na uku shi ne kamfanin da ke murza dogon kwanon alminiyam daidai da awon gida, ya kuma turo ma'aikatansa su ɗora. Ga babban gida ko makaranta wannan yana da fa'ida, domin dogon falle ba shi da mahaɗa da yawa da ruwa zai bi, alminiyam ba ya tsatsa, kuma kamfani yana ba da rasit da takardar farashi. Tsadarsa ta fi, kuma a nan ne ha'inci ya fi wuyar ganewa. Da yawa daga masu zuwa da sunan kamfani dillalai ne kawai, waɗanda za su karɓi kuɗin mai kauri su je su yanko marar kauri. Ana sayar da alminiyam ne da mita, farashinsa kuma yana bin kaurinsa, kuma ido ba ya iya bambanta mai kaurin milimita 0.55 da mai 0.45 idan an riga an ɗora shi. Maganin wannan shi ne mai gida ya je masana'antar da ƙafarsa, a auna kaurin a gabansa da ƙaramar na'urar awon kauri kafin a yanka, a rubuta lambar a rasit, a sake aunawa ranar da aka sauke kayan. Ana iya duba sunan kamfanin a shafin Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC, amma rajista kaɗai ba shaidar gaskiya ba ce. Ganin injin da wurin aikin ya fi ta nauyi. Haka kuma a sa wani daban ya sake auna faɗin rufin, domin ƙarin 'yan mitoci a takarda hanya ce mai sauƙi ta cin kuɗin mutum.

Bayan zaɓen ma'aikaci sai tsarin cinikin. Ana iya yin jinga gaba ɗaya, wato a ba shi kuɗin kaya da na aiki a dunƙule, ko kuma mai gida ya sayo kayansa ya biya ladan aiki kawai. Jinga gaba ɗaya tana da sauƙi ga wanda ba shi da lokaci, sai dai duk abin da ma'aikacin ya rage daga ingancin kaya riba ce a aljihunsa. Sayen kaya da kai ya fi wahala amma ya fi aminci. A Kano, alal misali, mutum zai iya karɓar jerin kayan daga kafinta ya taya kwano da ƙusa a kasuwar Ƙofar Ruwa, ya taya katako a 'Yan Katako da ke Na'ibawa, a shago biyu ko uku, kafin ya fitar da ko sisi. Yana da kyau a tafi da kafintan domin ya zaɓi katako, amma kada a yarda ya nace a kan shago ɗaya tak, domin sau da yawa akwai la'adar da aka ɗora a kan farashin. Bandir ɗin kwano falle 20 ne, a ƙirga shi a shago a kuma ƙirga shi a gida.

Abin da ya fi komai muhimmanci shi ne wanda kwano ke ɓoyewa, wato katakon rufin da yadda aka ɗaure shi. Galibi iska ba ta danna rufi ƙasa, ɗaga shi take yi, musamman ta baki-baki da kusurwa, kuma idan ta samu shiga ta ƙofa ko taga sai ta ƙara tura shi daga ciki. Shi ya sa ya kamata mai gida ya lura da yadda rufinsa ya tafi. Idan kwano kaɗai ya tashi ya bar katako, laifin na ƙusa ne ko na tazarar katakon da ake kafa kwano a kansa. Idan kuwa kwano da katako suka tashi tare, to ba a ɗaure rufin da gini ba ne, kuma duk kafintan da ya ce zai mayar da shi yadda yake ba tare da ya ɗaure shi da langa-langa ko rodi a jikin bango ba, yana shirya wa gidan wata ɓarnar ce. Wuraren da aka fi yin ƙwange su ne ɗanyen katako wanda zai kantare idan ya bushe ya saki ƙusa, da faɗaɗa tazara domin a rage yawan katako, da shafa baƙin mai sama-sama a ce an sa maganin gara, da rage hawan falle kan falle domin kwano ya isa. Ƙusa mai hula a kan tudun kwano ake kafa ta, ba cikin kwarin da ruwa ke bi ba, kuma a baki-baki ake ƙara yawanta. Don haka a yi sharaɗi tun farko cewa ba za a ɗora kwano ba sai mai gida, ko wani magini da ya yarda da shi, ya hau ya duba katakon. Inda gini zai iya ɗauka, tayar da rawani, wato gajeren bango a kewayen rufin, yana kare bakin kwano daga iska, muddin an fitar da indararo yadda ruwa ba zai kwanta ba.

Tsohon kwanon da ya sauko ma dukiya ce. Wasu kan ce duk ya lalace domin a sayi sabo, su kuma kwashe tsohon su sayar wa 'yan gwangwan. A ware wanda bai yage ba domin rumfa ko ɗakin ajiya, a kuma faɗa tun farko cewa na mai gida ne.

Game da biyan kuɗi, a rubuta yarjejeniya ko da a fallen takarda ɗaya ne, da shaidu biyu, a ambaci irin kwano da kaurinsa, da girman katako, da jimillar lada, da ranar gamawa. Biya ta banki ya fi, domin yana barin shaida idan magana ta kai gaban mai unguwa ko kotu, ko Hukumar Kare Haƙƙin Masu Saye ta Tarayya idan da kamfani aka yi cinikin. A raba ladan kashi uku: kaɗan a farko, wani bayan an duba katako an amince, sauran kuma a riƙe shi har sai an yi ruwa mai ƙarfi an shiga kowane ɗaki an duba silin. Kafintan da ya san aikinsa ba ya jin tsoron wannan sharaɗin, amma adalci ne a sa masa iyaka, a ce idan mako biyu ko uku suka wuce ba a yi ruwa ba za a watsa ruwa a kan rufin a gwada, a sallame shi a ranar.