Zama takwas da mai ba da shawara bayan tiyatar ƙarin kunne: abin da ya gyara a gidanmu da inda ya gaza

Wata goma sha ɗaya ke nan da aka cire min ƙari daga jijiyar kunnena na dama. Likitoci suna kiransa akustik niyuroma, ko da yake wanda ya yi min aikin ya ce sunan bai zauna daidai ba, domin ƙarin yakan tsiro ne a reshen jijiyar da ke riƙe mutum kada ya yi tangaɗi, ba a reshen ji ba. Ba ciwon daji (kansa) ba ne, ba ya yaɗuwa, kuma girmansa a hankali yake, milimita 1 zuwa 2 a shekara ga yawancin masu shi. Nawa ya kai santimita 2.8 kafin hoton MRI ya tona asirinsa. An shiga ta ƙashin bayan kunne, hanyar da likitan nan na Amurka, William House, ya yaɗa a shekarun 1960. Tana ba likita damar ganin jijiyar fuska tun da wuri, amma jin kunnen ya tafi ke nan. Da sanina na sa hannu.

Ba tiyatar nake son yin magana a kai ba. Maganata a kan shirin ba da shawara ne ga majinyaci da iyalinsa, wanda sashen farfaɗo da marasa lafiya na asibitin yake gudanarwa: zama takwas, kowanne minti hamsin, biyu ni kaɗai, huɗu tare da iyali, ɗaya da sauran masu irin ciwon, ɗaya na rufewa.

Abin da ya kai mu can shi ne kalmar “da sauƙi”. Ɗinki ya warke, gashi ya rufe tabon, ina tafiya da ƙafafuna. Duk wanda ya ce ya jiki, sai in ce da sauƙi, su kuma su ɗauka da gaske nake. Alhali kunnen da ya mutu yana ta ƙugi dare da rana, idan yara uku suka yi magana lokaci guda ba na tsintar ko ɗaya, kuma kafin rana ta yi tsaka na gaji tamkar wadda ta kwana tana aiki. Yayata takan ce, “Ke dai ki gode wa Allah, tunda ba kansa ba ne.” Ina godiya, wallahi. Sai dai duk lokacin da ta faɗa, nakan haɗiye abin da na buɗe baki zan ce.

Zama biyun farko ba su burge ni ba. Takardar tambayoyi, sai koyon jan numfashi, sai “yaya kike ji game da hakan”, irin abin da za a yi wa kowa ko da ƙafa ya karya. Abu ɗaya ya sa na koma: da muka shiga ɗakin, jami'ar da ke ba da shawarar ta ɗauki kujerarta ta dawo da ita hagu da ni ba tare da ta tambaya ba. A gidana kuwa, mako goma bayan aiki, har lokacin ana min magana ta dama ana jin haushin ban amsa ba.

Zama na uku shi ne ya biya duk wahalar zuwa. Ta toshe wa maigidana kunnen dama da soso, ta ɗora masa abin rufe kunne a kai, ta kunna rediyo, sannan ta sa babbar 'yarmu ta kira shi daga bayansa ta dama. Ya waiwaya hagu. Ta sake kira, ya sake waiwaya hagu, har yarinyar ta fashe da dariya. Jami'ar ta bayyana musu cewa ƙwaƙwalwa tana gane inda sauti ya fito ne ta hanyar gwada kunnuwa biyu: wanne ya riga ji, wanne ya fi ji da ƙarfi. Tazarar ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba, amma da ita ake sanin gabas da yamma, kuma da ita ake ware muryar mutum ɗaya daga hayaniya. Mai kunne ɗaya ba shi da abin gwadawa. Shi ya sa ɗaga murya ba ya taimakona, ƙara cakuɗa min abin yake yi.

Minti ashirin ya iya jurewa. Da ya cire sai ya ce, “Maman yara, haka kike wuni?” Na ce har da ƙugin da soso ba zai iya ba ka ba. Wata biyu da rabi ina faɗa masa wannan magana da bakina. An ce gani ya kori ji, to a nan rashin ji ne ya kori gardama.

A zama na huɗu aka kira mai koya min atisayen jiri ya zauna da mu, kuma a nan ne na gane wani abu da ban taɓa lura da shi ba: mutanen gidana suna taimakona a inda ba na buƙata, suna barina a inda nake buƙata. Tangaɗi suna ganinsa da ido, don haka maigida yana riƙe min hannu ko banɗaki zan shiga, yara suna hana ni sunkuyawa. Hayaniya kuwa ba a ganinta, don haka talabijin tana kunne ana min tambaya daga wani ɗaki. Mai atisayen ya ce abu uku ne ke tsayar da mutum: ido, kunnen ciki, da abin da tafin ƙafa da gaɓoɓi ke sanar da ƙwaƙwalwa. An cire min rabin ɗaya daga cikinsu, kuma ƙwaƙwalwa ba ta koyon cike gurbin sai ana motsi, ana juya kai, ana jin jirin ana ci gaba. Atisayen ma ba sabo ba ne, tushensa yana komawa ga Cawthorne da Cooksey a Ingila tun shekarun 1940. Ya dubi maigida ya ce, “Ranka ya daɗe, ka sakar mata hannu da rana, ka riƙe ta da dare.” A duhu ido ba ya aiki, a nan ne faɗuwa take. Gajiyar ma ta samu suna a ranar: ƙwaƙwalwa ce ke yin aikin da a da take yi ba tare da na sani ba. Ba lalaci ba ne, kuma na ji daɗin da wani ne ya faɗa ba ni ba.

Zama na biyar na fuska ne, kuma shi ya fi min nauyi. Jijiyar fuska tana maƙwabtaka da ta kunne, ƙarin ya daɗe yana danne ta. Akwai ma'aunin raunin fuska na House da Brackmann na 1985 mai mataki 1 zuwa 6: 1 lafiya lau, 6 ɓangaren fuskar ya shanye gaba ɗaya. Na fito tiyata ina mataki na 4, yanzu ina na 2. Jijiya takan farfaɗo da wajen milimita 1 a rana, ba a yi mata gaggawa. Watanni ina ɗiga magani a ido, da dare in manne fatar idon da filasta don ba ta rufuwa. Labarin zuciya a tambayi fuska, to tawa fuskar ta daina ba da labari. Autanmu mai shekara tara ya rage shigowa ɗakina, na ɗauka tsoron tabon yake. Jami'ar ta ce masa ya tambayi duk abin da yake so. Ya ce, “Mama, fushi kike da ni?” Ashe rabin murmushin nan yake karantawa a matsayin harara.

A ƙarshen wannan zaman ta juya ga maigida ta ce, “Kai fa, wa yake tambayarka ya jiki?” Ya yi shiru har na ɗauka ba zai amsa ba. Daga baya ya ce awa tara da ya yi a bakin ɗakin tiyata bai taɓa ba wa kowa labarinsu ba. Ni ma ban taɓa tambaya ba.

Yanzu ga inda shirin ya gaza, kuma ba ƙananan abubuwa ba ne. An fara shi mako goma bayan aiki, lokacin da an riga an yi ɓacin ran da za a yi. Gwajin soson nan da an yi shi mako guda kafin tiyata, da an huta da rigima da yawa. Sannan zaman haɗin gwiwa da sauran majinyata ta bidiyo aka yi shi, mutum goma sha huɗu, ba rubutun abin da ake faɗa a ƙasan allo, kowa yana hawa kan maganar wani. A tara masu kunne ɗaya a yi musu haka! Na fita bayan rabin awa da ciwon kai. Haɗa masu wannan ciwo don su ƙarfafi juna ba yau aka fara ba. Ƙungiyarsu ta Amurka tun 1981 wata da aka yi wa aikin, Virginia Fickel, ta kafa ta. Ba hujjar a ce ba a san yadda ake tsara irin wannan zama ba.

Jami'ar kuma ba ta san na'urar CROS ba, wadda ke ɗauko sauti daga mataccen kunne ta aika wa mai ji. Daga bakin mai gwajin ji na same ta. Ba ta dawo min da sanin inda sauti yake fitowa ba, amma na daina rasa wanda ya zauna a damana. Kuma da zama na takwas ya ƙare, shi ke nan, ko kiran waya babu, alhali ƙuncin da ya fi tsanani ya zo min ne a wata na shida, ana gab da sake ɗaukar hoton MRI.

Duk da haka, idan asibitinku yana da irin wannan shiri, ku shiga, ku nemi a fara kafin ranar tiyata, kuma ku tafi da wanda ya fi kowa ganin kun warke. Ni a nan na yi kuskure. Mutum biyu kawai ake bari su raka majinyaci a kowane zama, sai na riƙa zaɓar maigida da ɗaya daga cikin yara. Autan yanzu yakan taɓa kafaɗata ta hagu kafin ya yi magana, maigida yana kashe talabijin. Yaya kuwa ba ta taɓa shiga ɗakin ba. Jiya ma da ta zo, dama da ni ta zauna, ta yi ta ba ni labari har ta ce in ba na son hira in faɗa mata.