Kallon karnukan teku a Cape Town: jirgin ruwa ko bakin gaɓa?

Mai son ganin karnukan teku (dabbobin ruwa masu shayarwa da ake kira seals da Turanci) a Cape Town, Afirka ta Kudu, yana da zaɓi biyu. Daga Hout Bay, wata unguwar bakin teku a gefen birnin, jirgin ruwa zai kai ka tsibirin Duiker, inda suke jibge kan duwatsu, suna gurnani, ga wari mai hawa kai. Ba a sauka, daga cikin jirgi ake kallo, kuma ranar da teku ya fusata, mai saurin amai zai ji jiki.

A V&A Waterfront kuwa, wurin shaguna da shaƙatawa a bakin tashar jiragen ruwan birnin, kallonsu kyauta ne. Kaɗan ne dai, kwance kan katako suna shan hantsi.

Ni jirgin nake zaɓa, in ba da yara nake ba. Ko ina ka je, kada ka taɓa su: a 2024 an tabbatar da ciwon haukan kare a jikin wasunsu.