A Cika Sabuwar Filta da Baƙin Mai Kafin a Ɗaura, Ko a Ɗaura Ta Haka Nan?

Wata Asabar na kai motata Corolla juyen baƙin mai a wani gareji da ke kusa da layin dogo a Agege, sai gardama ta kaure tsakanin maigidan garejin da wani dattijo da ya yi shekaru yana jan tirela daga Apapa zuwa Kano. Yaron gareji ne ya fito da sabuwar filta daga kwali, ya shafa wa robar bakinta mai, zai ɗaura. Dattijon ya daka masa tsawa: "Kai yaro, a bushe za ka ɗaura ta? So kake inji ya tashi da ƙishi?" Maigidan ya leƙo daga ƙarƙashin wata Sienna ya ce, "Baba, ai wannan ba Mack ba ce. Ƙyale shi ya ɗaura." A kan motata ake ta wannan musu, amma cikinsu babu wanda ya waiwaye ni.

Kowannensu da gaskiyarsa, sai dai ba a kan inji ɗaya suke magana ba. Mai mota da ke shirin sayen filta da galan ɗin mai yana bukatar ya san wanne daga cikin maganganun biyu ya shafe shi.

Ɗauki filta irin ta gwangwani ka dubi bakinta. Akwai babban rami a tsakiya, wanda ake murzawa a jikin inji, sai ƙananan ramuka da suka kewaye shi. Famfon mai na inji yana turo mai ta ƙananan ramukan, man ya ratsa takardar da ke ciki ya bar dattinsa, sannan ya fito ta babban ramin ya nufi karanshaf, wato babbar sandar da ke juyawa a cikin inji, da metal ɗin da take juyawa a kansu, da sauran kayan ciki. Mai cika filta kuwa ta babban ramin yake zubawa, domin ta nan ne ya fi sauƙi. Wato duk abin da ya zuba, tsarkakakke ne ko da yashi, babu takardar da za ta tare shi. Shi zai fara isa metal. Tazarar da ke tsakanin metal da karanshaf ba ta kai kaurin gashin kai ba, saboda haka ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta bar zane.

To mene ne ribar cikawar? Idan aka ɗaura filta a bushe, sai famfo ya cika ta kafin mai ya kai sama. A ƙaramar mota wannan aikin ƴan daƙiƙoƙi ne. Za ka ga jar fitilar mai ta ɗan jima kafin ta mutu, wani lokaci da ɗan ƙaran "kar-kar-kar" daga saman inji. Filtar Corolla ko ta Camry mai silinda huɗu ba ta fi kofin shayi ba, kuma a daidai lokacin jikin ƙarafan yana nan da shafin tsohon mai, injin kuma ba ya jan kaya. Muddin ba a taka totur ba, babu wata ɓarnar a zo a gani. Wanda ya cika ta ya rage wa injin daƙiƙa biyu ko uku na jira. Ribar ke nan, kuma ba na raina ta. Ina dai cewa a auna ta da inda ake aikin.

Domin mu faɗi gaskiya, yawancin garejojinmu a Legas a fili suke, a bakin titi, ƙasa da baƙin mai sun haɗu sun zama kwalta. Mazurarin da ake zuba mai da shi gorar ruwa ce da aka yanke, tana nan yashe tun juyen jiya. Da hunturu ƙura, da damina taɓo. A irin wannan wuri, a ce yaro ya riƙe filta a buɗe da hannun da ya gama kwance taya yana ɗura mata mai, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Har ɗan guntun takardar azurfa da ke like bakin galan, idan ya faɗa ramin tsakiya, yana iya zuwa ya toshe wata ƴar hanyar mai a cikin inji.

Sannan akwai yadda filtar take zaune, wanda sau da yawa shi ke raba gardama tun kafin a fara. A Corolla ta 2003 zuwa 2008 filtar a rataye take, bakinta sama, ana iya cika ta a ɗaura ba tare da ɗigo ya zuba ba. A Accord ɗin da ake kira EOD mai inji 2.4 a kwance take a bayan inji. Ka cika wannan, rabin man a hannun riga zai ƙare, ya kuma ɓata wurin har ka kasa gane ko yoyo ne ko zuba. Akwai motocin da filtarsu ke kife a saman inji, waɗannan ba a ma maganar cikawa. Wasu kuma ba gwangwani ba ne gaba ɗaya. Corolla ta 2010, da Camry da Sienna da Lexus masu inji 3.5, takardar kaɗai ake canzawa a mayar da ita cikin gidanta. Haka Marsandi da BMW da yawa, nasu gidan a sama yake. A nan abin lura shi ne robobin da ke zuwa cikin kwalin. A canza su duka, a shafa musu mai, kuma kada a ɗaure murfin da ƙarfin tuwo. Da yawa na roba ne, tsagewa yake yi.

Maganar Baba mai tirela tana da tushe a manyan injuna. Filtar babbar mota mai dizal tana iya shan lita ɗaya ko biyu, wasu injunan kuma filta biyu ko uku gare su, ga turbo da ke juyawa da tsananin gudu ba ya son jiran mai. A nan jiran ya fi tsawo. Amma ko masu ƙera injunan bakinsu bai zo ɗaya ba. Cummins, a littattafan injunansa da dama, cewa yake a cika filta da mai mai tsabta kafin a ɗaura. Caterpillar kuwa hanawa yake ƙarara, dalilinsa kuma shi ne wanda na faɗa a sama: man da aka zuba bai bi ta takarda ba. Saboda haka mai tirela ko tanka ko babban janareta ya bi littafin injinsa, kada ya bi abin da ya ga maƙwabcinsa na yi a tashar Ijora. Idan littafin ya ce a cika, to daga sabon mazubi rufaffe, a inuwa, da hannu wankakke. Wasu makanikai masu haƙuri sukan toshe ramin tsakiya su riƙa ɗurawa ta ƙananan ramukan. Yana cin lokaci, amma man ta takarda yake bi.

Akwai hanya ta uku da ba a cika ambata ba. A ɗaura filta a bushe, a cire fis ɗin famfon fetur, a murza makulli injin ya juya kamar daƙiƙa goma ba tare da ya tashi ba. Famfon mai zai cika filtar ta hanyar da ta dace. A motoci da dama masu injekta, danne totur har ƙasa yayin murza makulli yana yanke fetur ya yi wannan aikin, amma ba kowace mota ba, don haka a tabbatar tukuna. Ni ban ga dalilin wannan wahala a kowane juye ba. Inda nake ganin ta dace shi ne motar da aka yi wa babban aikin inji, ko mai turbo, ko tokumbon da ta yi watanni a jirgi da tashar jiragen ruwa ta Tin Can ba a tayar da ita ba.

Yanzu ga inda nake ganin an bar jaki ana dukan taiki. Juye sau uku ko huɗu ake yi a shekara. Tayar da mota kuwa kullum ne. A cikin filtar gwangwani, daidai bayan ƙananan ramukan nan, akwai wata roba da aikinta shi ne hana mai sulalewa ya koma ƙasa idan an kashe inji. Idan robar banza ce, musamman a filtar da ke kwance ko kife, kowace safiya injin zai tashi da filta fanko. Mutum ya tsaya kai da fata a cika masa filta ranar juye, alhali abin da ya saya yana maimaita masa wannan jiran kullum da asuba kafin ya fita Mile 12. Idan ka lura fitilar mai tana jinkirin mutuwa da safe, ko ana jin ƙara na ɗan lokaci tun bayan juyen da ya wuce, fara tuhumar filtar.

Saboda haka ƙarfin zaɓenka ya tafi wurin saye. A Ladipo ko a kasuwar Trade Fair, ka ce filtar Corolla kake so, za a ɗora maka uku a kan tebur, kwalinsu kusan iri ɗaya, farashinsu ya bambanta. Sunan da ke jikin kwali ba shaida ba ne, don masu jabu manyan sunaye suke bi. Ka riƙe ta ka ji nauyi. Ka leƙa ramin tsakiya: tsatsa ko ɓurɓushin ƙarfe a wurin murzawa alama ce ta aikin gaggawa. Ka leƙa ƙananan ramukan ka ga robar. Ja ko mai ruwan lemo galibi silikon ce, ta fi jure zafi, ba ta saurin ƙandarewa. Baƙa ma tana aiki idan ta kirki ce, sai dai ba ta kai waccan daɗewa ba. Wani gwaji da tsofaffin makanikai ke yi: ka sa baki a ramin tsakiya ka hura. Idan iska na fita ta ƙananan ramukan cikin sauƙi, robar ba ta rufewa, ajiye musu kayansu. Wadda ta zo da leda a bakinta ta fi kwantar da hankali, don ba ka san watannin da ta yi a shago tana shan ƙura ba.

Kada kuma ka yarda da "ai ta shiga". Ka je da lambar filtarka. Ta Corolla 2003 zuwa 2008 an fi sanin ta da 90915-YZZF2, ta injin Toyota 3.5 kuma 04152-YZZA1. Zaren murzawar Honda da na Toyota sun yi kusa da juna amma ba ɗaya ba ne. Ana iya murza ta Honda a kan Toyota ta yi kamar ta kama, sai an hau hanya matsin mai ya tunkuɗo ta. Ka kwatanta hakan a tsakiyar gadar Third Mainland da yamma. Bayan wannan, yawancin filtoci suna da ƴar ƙofar da ke buɗewa ta bar mai ya wuce idan takarda ta toshe, kuma matsin da take buɗewa a kai ya bambanta daga inji zuwa inji. Kamannin gwangwani ba ya nuna wannan.

Shi ma man haka. Na awo da ake ɗiba daga durom a bakin titi ya fi araha, amma araha ba ta ado. Wanda ya sayi irin wannan to kada ma ya yi tunanin zuba shi a ramin tsakiya, gara ya bar takardar ta yi aikinta. Ka sayi galan rufaffe daga gidan mai ko dilan da ka sani, a ɓalle shi a gabanka. A Legas kuma kada ka dogara da kilomita kaɗai wajen lissafin juye. Awa biyu a gosulo tsakanin Oshodi da Apapa, injin yana ta aiki da zafi, lambar kilomita ba ta motsa ba.

Idan ka tambaye ni ra'ayina a kan ƙaramar mota: a shafa wa robar mai, a ɗaura da hannu, bayan robar ta taɓa jikin inji a ƙara kamar kashi uku cikin huɗu na zagaye, shi ke nan. Wanda ke juye da kansa a gida, wuri a share, filtarsa a rataye, mansa sabo, ya cika idan ransa ya fi kwanciya da haka. Ya dai tuna ya rage abin da ya zuba a filtar daga jimillar man, kada ya wuce alamar sama a sandar awo. Bayan an tayar da inji a bar shi minti ɗaya ko biyu, a kashe, a jira kamar minti biyar, a sake aunawa, a leƙa ƙasa ko akwai ɗigo. Kafin a ɗaura sabuwa kuma, ka ce a nuna maka bakin tsohuwar. Idan babu roba a jikinta, ta maƙale a inji, kuma roba biyu a kan juna suna iya zubar da man mota gaba ɗaya kafin ka kai Ikeja.

A ranar dai a bushe aka ɗaura tawa. Na shiga na murza makulli, Baba ya sunkuyo ta taga yana kallon fitilar, yana ƙirgawa a fili. Bai kai uku ba ta mutu. Ya miƙe ya kaɗe babbar rigarsa ya ce da maigidan, "To, naku na wasan yara ne. Ranar da na kawo tawa, da idona za a cika ta." Maigidan ya ce, "Baba, ka zo da littafinta, mu duba tare."