Sharhina kan maganin PrEP, daga wata matar aure a Gombe

Maigidana yana ɗauke da ƙwayar cutar HIV, ni kuwa ba ni da ita, haka ma abokiyar zamana. Da labarin ya isa ga dangi, wasu suka ce in karɓi takardata, wasu suka ce in yi haƙuri in bar wa Allah. Ba wanda ya ce mini akwai riga-kafi, sai wata nas a asibitin da yake karɓar maganinsa. Ta ja ni gefe ta ce, "Ƙanwata, ke ma akwai ƙwayar da za ki riƙa sha kafin nasa maganin ya gama danne cutar." Ita ce PrEP, wadda ake ba wanda bai kamu ba amma yake cikin haɗarin kamuwa.

Ba a miƙa ta hannu da hannu. Sai da aka gwada jinina aka tabbatar ba ni da cutar, domin idan mai ɗauke da ita ya sha PrEP kaɗai, ƙwayar cutar na iya yin taurin kai ta daina jin magani. Aka duba ƙodata, aka yi gwajin ciwon hanta nau'in B, saboda sinadarin tenofovir da ke cikin ƙwayar PrEP yana aiki a kan wannan ciwon ma, kuma mai shi ba ya yanke maganin da kansa. Kyauta aka ba ni, gwajin ƙoda kawai na biya.

Ƙwaya ɗaya ce kullum. Da farko ta sa ni tashin zuciya da ɗan ciwon kai, amma da na mayar da shanta bayan sallar isha'i, in na ci tuwon dare, abin ya lafa har na manta da shi. Shan ta a wannan lokacin ya kuma yi mini daidai ko a watan azumi. An gargaɗe ni cewa sai na yi kwana 7 ina sha kafin ta fara kare ni, kuma ba ta hana ciwon sanyi ko ɗaukar ciki. Ba sabon magani ba ne: Amurka ta amince da shi a 2012, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ba da shawarar a ba duk mai fuskantar babban haɗari a 2015. Idan ana sha yadda aka tsara, yana rage haɗarin kamuwa ta hanyar saduwa da kusan kashi 99 cikin 100. Ana sake gwada ni duk bayan wata uku, kuma alhamdu lillahi sakamakon bai taɓa canjawa ba.

Inda nake da ƙorafi shi ne yadda ake bayarwa. Layi ɗaya, taga ɗaya da masu karɓar maganin cutar, robar ma kusan iri ɗaya. Ban ɗauki zama cikinsu abin kunya ba, mijina yana cikinsu. Amma Gombe gari ne da kowa ya san kowa, kuma wannan tsoron ne ya sa abokiyar zamana ta ajiye nata bayan wata 'yar'uwarta ta ga robar a ɗakinta ta fara tambaya. Da ƙyar muka lallashe ta ta koma. Da a ɓangaren awon ciki ko na tazarar haihuwa ake bayarwa, da mata da yawa sun karɓa ba fargaba.

Yanzu gwaji ya nuna maganin maigidana ya danne ƙwayar cutar har ba a ganinta a jininsa, kuma likita ya ce mai irin wannan sakamako ba ya yaɗa ta ga iyalinsa muddin bai fasa shan magani ba. Ya ce ina iya dainawa in na so. Na zaɓi in ci gaba har a maimaita gwajin. Na kuma roƙi nas ɗin ta sanar da ni in allurar riga-kafin ta samu a asibitinsu, ko cabotegravir ta duk wata biyu, ko lenacapavir da ake yi sau biyu a shekara, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2025, don abokiyar zamana ta fi ni buƙatarta.