Masaukin ɗalibi a Amurka: kafin ku biya, ku tambayi wa ke tashi da dare

Da zarar takardar gurbin karatu ta fito daga wata jami'a a Amurka, sai takardar zaɓen masauki ta biyo bayanta. Yawancin iyaye farashi suke fara dubawa, sai nisan wurin da aji, sai ko mutum nawa ne a ɗaki. Duk waɗannan suna da amfani. Amma akwai tambayar da ta fi su nauyi: idan yarinya ta yanke jiki ta faɗi da ƙarfe uku na dare, ko hayaƙi ya turnuƙe bene, wa zai fara isowa, kuma me aka koya masa?

Zaɓin bai wuce uku ba: hostal ɗin jami'a, ko rukunin gidajen ɗalibai na kamfani a wajen makaranta, ko ɗalibai su haɗa kuɗi su kama haya a gari.

A hostal ɗin jami'a, kowane hawa yana da ɗalibi guda da suke kira RA, shi ne mai kula da mazauna hawan. Ku san wannan tun yanzu: ba likita ba ne, ba jami'in tsaro ba ne, ba ma cikakken ma'aikaci ba ne. Ɗalibi ne ɗan aji biyu ko uku, shekarunsa sha tara zuwa ashirin da 'yan kai, shi ma da jarrabawarsa a wuya. Ladansa galibi ɗaki ne kyauta, wani wurin har da abinci ko ɗan alawus. Mutum talatin zuwa hamsin na iya kasancewa a ƙarƙashinsa. Horon da ake ba shi mako ɗaya ne zuwa biyu a watan Agusta kafin a koma, kuma cikinsa ake cusa komai: sasanta abokan ɗaki, rubuta rahoto, gobara, maye, fyaɗe, da wanda ke maganar kashe kansa. Mafi amfani a horon shi ne gwajin da ake yi a zahiri, inda tsofaffin RA ke shiga ɗaki su kwaikwayi matsala. Sabon zai ƙwanƙwasa ƙofa bai san me zai tarar ba, ko wata ce ke kuka ta ƙi magana, ko wani ne kwance a ƙasa ba ya motsi, malamai na gefe suna kallon abin da zai yi.

Mako biyu ba ya mayar da yaro ma'aikacin agajin gaggawa, kuma jami'o'in ba su ce haka ba. Abin da ake koya masa a taƙaice shi ne ya gane haɗari, ya kira 911 (lambar agajin gaggawa ta Amurka) ko 'yan sandan jami'a, ya kira na sama da shi, ya tsaya har su zo. Saboda haka kuɗin da kuke biya na waɗanda ke bayansa ne: shugaban hostal, wanda cikakken ma'aikaci ne da ke kwana a ginin, da babban jami'in da ke riƙe da wayar gaggawa a daren, da mai ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa da za a iya tasa daga barci. Inda waɗannan suke a tsaye, RA mai ƙaramin horo ma yana ceton rai. Inda babu su, an bar yaro da kayan da ya fi ƙarfinsa.

Kada a raina yaran nan. A ranar 19 ga Janairun 2000, wajen ƙarfe huɗu da rabi na asuba, wuta ta tashi a hostal ɗin Boland da ke Jami'ar Seton Hall a jihar New Jersey. Ɗalibai uku 'yan ajin farko suka rasu, sama da hamsin suka jikkata. Wata RA mai suna Dana Christmas ta yi ta bin ƙofofi tana tashin mutane har ta ƙone ƙwarai. Abu biyu suka ƙara muni a daren: ginin ba shi da famfunan rufi masu fesa ruwa da kansu, kuma an sha kaɗa ƙararrawar gobara a banza, har ɗalibai da yawa suka ji ta suka juya suka ci gaba da barci. A shekarar ce jihar ta kafa dokar da ta wajabta sa waɗannan famfuna a ɗakunan kwanan ɗalibai. Dokar jiha ce, ba ta ƙasa baki ɗaya ba, don haka har yanzu sai an tambaya gini-gini.

Haka a Jami'ar Virginia Tech ranar 16 ga Afrilun 2007, da wani ɗan bindiga ya kai hari. Cikin mutum biyu na farko da aka harbe a hostal akwai Ryan Clark, RA ɗin hawan, wanda ya fito don ya ji hayaniya. Saƙon gargaɗi bai isa ga ɗalibai ba sai bayan sama da awa biyu, kuma mutum 32 aka kashe a ranar. Shi ya yi nasa. Jinkirin daga sama ya zo.

Gidajen kamfani su ne suka fi ɗaukar ido a hoto: ɗakin girki, ɗakin motsa jiki, kowa da banɗakinsa. Wasu ma suna da ɗalibai ma'aikata masu laƙabi mai kama da na RA. Ku bincika sosai, domin sau da yawa aikinsu karɓar saƙo ne da zagayawa da masu neman haya. Lambar gaggawar da ke manne a ƙofa ta mai gyaran famfo ce da wanda mukulli ya ɓace wa. Ribar da ke nan ita ce yawancin gine-ginen sababbi ne, kuma sabon gini ya fi yiwuwar samun kayan kashe gobara na zamani. Amma idan ɗalibi ya kulle kansa kwana uku bai fito ba, babu wanda aikinsa ne ya lura.

Haya a gari ta fi araha, kuma yaranmu suna sonta don za su dafa abincinsu na halal, su yi sahur yadda suke so. Nan babu RA, babu mai zagaye. Hukumar kula da gobara ta Amurka ta bi diddigin gobarar da ta ci ran ɗalibai daga 2000 zuwa 2015: gobara 85, rayuka 118, kuma kashi 94 cikin ɗari a gidajen wajen makaranta suka faru. A fiye da rabinsu, na'urar gano hayaƙi ko dai babu ita ko an kashe ta. Wannan ya shafe mu kai tsaye. Yarinya za ta kunna turaren wuta, na'ura ta fara ƙara, sai a hau kujera a cire batiri ko a ɗaure ta da leda, a manta. A hostal an hana turaren wuta da kyandir da risho, kuma RA zai gani a zagayensa. A gidan haya sai wata shida ta yi a haka.

A ra'ayina, ɗan ajin farko hostal ya kamata ya shiga, ko da ya fi tsada. Jami'o'i da dama ma sun wajabta hakan. Sai dai ba kowane hostal ba. Doka ta ba ku hanyar tantancewa. A 1986 aka kashe Jeanne Clery, 'yar shekara 19, a ɗakinta na Jami'ar Lehigh, bayan wanda ya kashe ta ya bi ta ƙofofin da aka tokare a buɗe. Iyayenta suka yi ta fafutuka har aka kafa dokar da ke ɗauke da sunanta a 1990. Duk jami'ar da ke karɓar tallafin ɗalibai na gwamnatin tarayya dole ta wallafa rahoton tsaro kowace shekara zuwa 1 ga Oktoba, kuma tun gyaran 2008 mai hostal sai ta haɗa da rahoton gobara. A ciki za ku ga kowane gini da sunansa, da irin kayan kashe wutar da ke cikinsa, da yawan atisayen fita da aka yi. Yana intanet, kyauta.

Sauran kuma sai ku rubuta wa ofishin masauki. Shin ana koya wa RA danna ƙirjin wanda numfashinsa ya tsaya, ko kira kawai aka ce ya yi? Wasu jami'o'in ba su yarda ya taɓa mara lafiya ba, gara ku sani. Akwai babban ma'aikaci da ke kwana a ginin? Me ke faruwa a hutun Disamba, lokacin da 'yan ƙasa suka tafi gida, ma'aikata suka ragu, baƙi irin namu suka rage a gini? Wasu hostal ɗin rufe su ake yi ɗungurungum. Sannan ku tambayi ko akwai afuwa ga wanda ya kira agaji saboda abokinsa ya bugu. Ko ɗanku ba ya sha, abokin ɗakinsa na iya sha, kuma tsoron hukunci ko tsoron taɓa biza na sa yaro ya yi shiru a lokacin da kira ɗaya zai ceci mutum. Haka tsoron kuɗin motar asibiti, wanda kan kai ɗaruruwan daloli ko ya haura dubu. Ku duba ko inshorar lafiyarsa ta ɗauke shi, ku kuma gaya masa da bakinku cewa ya kira, kuɗin ba damuwarsa ba ne.

Akwai abu ɗaya da ke ba iyaye mamaki. A ƙarƙashin dokar sirrin ɗalibai ta 1974, da yaro ya shiga jami'a bayanansa nasa ne, ko da ku ke biyan kuɗin. RA ba zai ba ku labarinsa a waya ba. Jami'a na da damar sanar da ku idan rai na cikin haɗari, amma ita ke yanke hukunci. Kafin ya tashi, ku zauna tare ya cike takardar izinin da ke ba ku damar jin bayanansa, ya sa sunanku a gurbin wanda za a nema cikin gaggawa, ya kuma ƙara wani babba da ke zaune a Amurka wanda zai iya isa wurin da mota. Ya adana 911 da lambar 'yan sandan jami'a da wayar RA mai aikin dare, da 988, layin masu cikin matsanancin ƙuncin rai da ya fara aiki a 2022.